Wa Muke Nuna Wa 'Ya'yanmu?

Akwai wata magana da kusan kowane uba da kowace uwa a cikinmu suka taɓa faɗa wa ɗansu, ko da safe sa'ad da yaro yake jan ƙafa ba ya son tafiya makaranta, ko kuwa ran da ya kawo sakamakon jarrabawa wanda bai gamshe mu ba. Maganar ita ce: "Ka yi karatu, ka zama kamar wane." Daga Tambuwal har Kebbe, daga Kebbe har Fakku, da Kirista da Musulmi, bakinmu ɗaya ne a kan wannan. Mukan faɗe ta da kyakkyawar niyya, ba mu kuwa cika tsayawa mu auna nauyinta ba. Amma yaro yana ɗaukarta da gaske. Wanda muka kira sunansa a wannan wuri, shi yaron zai riƙa hange shekara da shekaru, da shi zai auna kansa, da shi kuma zai auna mu iyayensa wata rana. Saboda haka ya wajaba mu tambayi kanmu a gaban Allah: wane ne wannan "wane", mene ne kuma muke nunawa a jikinsa?

Ƙasarmu dai ba ta rasa mutanen nunawa ba. Duk wanda ya shiga mota daga Tambuwal zuwa Sakkwato zai ratsa ta Shagari, garin da aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Tambuwal ita kanta ta fitar da Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 2011, sa'an nan ya yi gwamnan jiha daga 2015 zuwa 2023. Yaron da ke kiwon awaki a bayan garin Fakku yana da hujja ke nan cewa ɗan karkara na iya kaiwa ko'ina, wannan kuwa alheri ne da bai kamata a raina ba. Sai dai in mun tashi ba da labarin irin waɗannan mutane, daga ƙarshe muke farawa. Jerin motoci muke faɗa, da jiniya, da babbar riga, da taron jama'a a ƙofar gida. Kaɗan ne a cikinmu suke gaya wa yaro cewa Shehu Shagari ya yi shekaru yana riƙe da alli, ya koyar da kimiyya a makarantar Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu, har ya tsara Waƙar Nijeriya da Hausa domin yara su san labarin ƙasarsu ba tare da wahala ba. Kaɗan ne kuma suke tuna cewa bayan juyin mulkin 1966 gida ya komo, ya sa kansa cikin aikin tara kuɗin gina makarantun firamare a lardin Sakkwato. Yaro kuwa abin da aka nuna masa shi yake so. In mota aka nuna masa, mota zai so, karatu kuma ya zama masa kurɗin da za a bi a fita, ko ta halin ƙaƙa.

Daga nan ne wata cuta take shigowa gidajenmu, wadda muka san ta amma ba mu son ambatonta a coci. Tun da yake takardar shaida ce ake bukata, ba sanin da ke bayanta ba, sai uba ya sayar da buhun gero ya biya kuɗin "taimako" domin a rubuta wa ɗansa amsa a allo ranar jarrabawar WAEC ko NECO. Sai uwa ta sayar da tunkiyarta a kai yarinya wata makaranta mai nisa wadda aka san kowa yana cin kiredit biyar a cikinta, har da Turanci da lissafi. Ran Lahadi kuma mu zo mu durƙusa, mu yi godiya ga Allah domin yaro ya ci jarrabawa. Mun koya masa darasi ɗaya wanda ba zai manta ba har ya tsufa, wato gaskiya abar faɗa ce a cikin coci, amma in lamari ya yi tsanani akwai wata hanya. Wanda ya shiga makarantar koyon jinya da irin wannan takarda, shi ne gobe zai riƙe allura a kan jikanmu.

Wannan jarabar ba sabuwa ba ce, gama ɗaya daga cikin manyan malaman Ikilisiya ya yi kuka da ita tun shekaru fiye da 1600 da suka wuce. Waliyyi Agustin ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Mahaifinsa Patrisiyus ba mai dukiya ba ne, amma ya matse bakin aljihunsa ya aika da yaron karatu Madaura, daga baya kuma Kartej, har mutanen gari suna yabonsa domin ya yi abin da waɗanda suka fi shi arziki ba su yi wa 'ya'yansu ba. In da a Kebbe yake a yau, da mun ce ga uba na gari. Duk da haka, da Agustin ya girma ya rubuta labarin tubarsa, sai ya ce wannan uban bai damu da irin mutumin da ɗansa yake zama a gaban Allah ba, muddin dai ya iya magana ya yi suna. Har mahaifiyarsa Monika, wadda muke girmamawa saboda hawayenta da addu'arta, bai ɓoye ba cewa ita ma a lokacin ta sa rai ƙwarai ga ɗaukakar da karatu zai kawo masa. Burin kuwa ya cika. A 384 Agustin ya zama malamin fasahar magana a Milan, inda fadar sarkin Rum take a zamanin. Ya kai inda uban ya so, ga shi kuma zuciyarsa ba ta da kwanciya, sai da ya karɓi baftisma a hannun Bishop Ambros a 387. Abin lura a nan shi ne, Agustin bai taɓa cewa karatun ne ya ɓata shi ba. Da wannan karatu ɗin ne ya yi wa Ikilisiya hidima a Hippo har mutuwarsa a 430. Dalilin da aka ba shi na yin karatun, shi ne ya yi ƙaranci.

To, wani zai ce: "Ku masu rubutu, cikinku a ƙoshe yake. Ni manomi ne a Fakku, damina ɗaya in ta ƙi, gidana ya shiga uku. In na so ɗana ya sami albashi ya cire ni daga wannan wahala, zunubi na yi?" Ko kaɗan. Talauci ba tsarki ba ne, kuma umarni na huɗu da ya ce a girmama iyaye ya haɗa da ciyar da su in ƙarfinsu ya ƙare. Uban da ke fatan ɗansa ya fi shi jin daɗi, fatan da Allah ya dasa a zuciyar iyaye yake yi. Amma bari mu duba inda wannan dalili yake karyewa in shi kaɗai ne. A kowane gari a yankinmu akwai saurayin da ya gama jami'a ko kwalejin ilimi, ya yi bautar ƙasa, ga shi yau yana kabu-kabu ko yana zaune a gindin bishiya. Ƙannensa suna ganinsa. In abin da muka faɗa musu kurum shi ne karatu yana kawo albashi, to wannan yayan nasu ya isa ya ƙaryata mu, kuma yaro mai wayo zai ce gara ya tafi wurin haƙar zinariya tun yanzu. Dole ne mu kasance da dalilin da rashin aiki ba zai iya rushewa ba.

Dalilin kuwa muna da shi cikin bangaskiyarmu. Hankali baiwa ce daga Allah, kamar gona, kuma Ubangijinmu ya ba da misalin bawan da ya binne abin da aka danƙa masa a ƙasa, bai kuwa yabe shi ba. Mai karatu yana iya duba kwalbar maganin ƙwari ya san awon da ba zai kashe albasa ko mai fesawa ba. Yana iya karanta takardar gona kafin tsoho ya dangwala yatsa. Uwa mai karatu tana sanin ranar rigakafi da adadin cokalin maganin da za ta ba jariri. A ƙauyen da Fada ba ya samun zuwa sai bayan makonni, mai karatu ne yake tsayawa ya karanta wa jama'a Maganar Allah ran Lahadi. Duk waɗannan ba sa jiran takardar ɗaukar aiki daga Sakkwato ko Abuja. Yaron da ya san cewa ana karatu domin a san gaskiya a kuma yi wa mutane amfani, in albashi ya zo zai karɓa da godiya, in bai zo ba kuma ba zai ga shekarunsa sun tafi a banza ba.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi wuya. Mutumin nesa, komai girmansa, labari ne kawai a kunnen yaro. Wanda yaro yake kwaikwayo da gaske shi ne wanda yake gani da asuba da almuru, wato mu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Majalisar Vatikan ta Biyu, cikin takardarta a kan tarbiyyar Kirista ta 1965, ta koyar cewa iyaye su ne malamai na fari kuma mafi girma ga 'ya'yansu, har in suka kasa, da wuya wani ya cike gurbinsu. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sake jaddada wannan a 1981 cikin wasiƙarsa a kan iyali. Mun sani da yawa a cikinmu in suka ji haka sai gabansu ya faɗi, su ce: "Ni da ban san ko bihim ba, yaya zan zama malami?"

Ga irin waɗannan 'yan'uwa muke so mu ba da labarin Mama Margareta, mahaifiyar Waliyyi Yohanna Bosko. Matar ƙauye ce a arewacin Italiya, ba ta iya karatu ba, ba ta iya rubutu ba. Mijinta ya rasu a 1817, Yohanna yana ɗan shekara biyu, ya bar ta da yara uku da tsohuwar suruka da 'yar gona. Da ka ta koya wa yaran addu'o'i da katikisim. Da Yohanna ya nuna son karatu, sai yayansa Antoniyo, ɗan mijinta, ya tayar da ƙayar baya, yana cewa gona tana bukatar hannu, littafi kuwa ba ya cika rumbu. Wannan gardama mun san ta sarai, gama a gidajenmu ake yinta kowace shekara in an koma makaranta a watan Satumba, daidai lokacin da gero ya nuna. Margareta ba ta ce Antoniyo ƙarya yake yi ba, domin gonar lalle tana bukatar hannu. Amma ta tsaya. Ta yarda yaron ya bar gida ya yi aikin ƙodago a gonar wasu domin a sami zaman lafiya, daga baya ta sa aka raba gado domin kada wani ya sake tare masa hanya. A 1841 aka naɗa shi firist, a 1846 kuma ita da kanta ta bi shi Turin ta zama uwar marayun da yake tarawa a titi. Makarantun koyon sana'a na 'yan Don Bosko da ke ƙasashe da yawa a yau, har da Nijeriya, tushensu yana komawa ga matar da ba ta taɓa karanta shafi ɗaya ba.

Abin da ta yi ba ya fi ƙarfin kowa a cikinmu. Uban da bai iya karatu ba yana iya cewa ɗansa ya buɗe littafi ya karanta masa abin da aka koya musu yau, ya saurara, ya yi tambaya. Yaro ba ya manta ranar da mahaifinsa ya zauna ya zama ɗalibinsa. Yana iya taka ƙafa zuwa makaranta sau ɗaya a zango ya gai da malam, ya tambayi halin yaron, gama malamin da ya san akwai ido a kan yaro ba ya wasa da shi. Yana iya tsara aikin gona yadda yaro zai taimaka da yamma da ran Asabar, ba a ɗauke shi mako uku cur ba sa'an nan a yi mamakin ya zo na ƙarshe. Uwa tana iya barin fitila ga mai karatu na sa'a ɗaya bayan tuwon dare, ta hana a aike shi. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan duka, wato yadda muke magana. In kullum a gaban yara muna zagin malamin makaranta muna kiransa matsiyaci, muna kuma yi wa ɓarawon da ya gina bene kirari, to mun riga mun faɗa musu wanda za su bi, ko da bakinmu yana cewa su yi karatu. (Mu kuma maza da ke kwana a wurin shan burkutu alhali kuɗin littafi ya gagara, ba sai an yi mana dogon wa'azi ba.)

Game da 'yan mata, ba sai mun je Turai neman abin misali ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ta ga matan karkara ba su da hanyar zuwa wurin malamai, sai ta zaɓi dattijan mata masu mutunci, ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa, su kuma su riƙa kai karatu ƙauyuka suna kawo mata ɗalibai. Su ne ake kira 'Yan Taru. Wataƙila wani zai yi gunaguni cewa me ya kawo malamar Musulunci cikin jaridar Katolika. Amsarmu ita ce, Ikilisiya ba ta ƙin wani abu mai kyau da gaskiya a duk inda ta same shi, kuma a ƙasar Sakkwato muke zaune, tarihinta namu ne mu ma. In maƙwabci ya ce karatun mace baƙon abu ne da Turawa suka kawo, sunan Nana Asma'u ya ishe mu amsa. In kuwa mu da kanmu muka cire yarinya daga aji uku na sakandare domin talla ko domin sadaki ya shigo, ba mu da bakin magana. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro, ba ta ware mace ba. Muna ganin Zumuntar Mata Katolika tana iya ɗaukar aikin jaji a cikinmu, ta san kowace yarinya da ta daina zuwa makaranta, ta je gidan da sallama ta ji dalili.

Ba za mu rufe ido ga tsoro ba. A watan Fabrairu na 2021 an kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe a Zamfara, a watan Yuni na shekarar kuma aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A watan Mayu na 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato. Uwar da ta ce ba za ta kai 'yarta makarantar kwana ba, ba wanda ya isa ya kira ta marar bangaskiya, kuma haƙƙin tsare rayukan yara yana wuyan hukuma. Abin da kawai za mu roƙa shi ne, in tilas ta sa yaro ya zauna a gida, kada a bar shi haka nan. Agustin ya yi shekara guda a gida yana ɗan shekara 16 saboda kuɗin makaranta sun yanke, shi da bakinsa kuma ya shaida cewa a wannan shekarar zaman banza ce ya faɗa cikin mugayen abokai. A nemi makarantar jeka-ka-dawo, ko a haɗa yara wurin katikis ko wani tsohon malami da yamma, ko a kai yaro gidan ɗan'uwa amintacce a gari.

Mu ma a cikin gidanmu muna da 'ya'yan da za a nuna. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda aka ba shi riƙon wannan Dayosis a 2011, a ƙauyen Anchuna aka haife shi a 1952, karatu ya kai shi har digiri na uku a Jami'ar Landan. A watan Disamba na 2023 aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe wanda ya yi aikin firist a Dayosis ɗin Sakkwato, ya zama Bishop na fari na sabon Dayosis ɗin Katsina. In za mu ba yara labarinsu, mu fara daga farko: daga gidan da suka tashi, da katikis ɗin da suka koya musu addu'a, da malaman firamare waɗanda ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Waɗanda kuma Allah ya ɗaga a cikin 'ya'yanmu, malaman jinya da injiniyoyi da lauyoyi da ke birane, muna roƙonsu su riƙa zuwa gida ba sai Kirsimati kaɗai ba, in sun zo kuma su zauna a tabarma ɗaya da iyayensu, su ci tuwo a kwano ɗaya. Babu abin da ke sa manomi ya ƙi makaranta kamar ya ga ɗan maƙwabcinsa ya dawo yana jin kunyar mahaifinsa, yana gyara masa magana a gaban baƙi. Yesu yana ɗan shekara 12 ya zauna a tsakiyar malaman Haikali har suka yi mamakin fahimtarsa, duk da haka ya bi Yusufu da Maryamu ya koma Nazarat, ya yi musu biyayya, ya koyi sassaƙa.

Akwai kuma wani mutum da Ikilisiya da kanta ta tanadar wa kowane yaro domin ya zama abin koyinsa, mu kuwa muka mai da matsayinsa na biki kawai, wato uban baftisma da uwar baftisma. Sau da yawa mukan zaɓi wanda zai iya sayen rago ko atamfa, ko da yana zaune a Kaduna, ko da yaron ba zai sake ganinsa ba sai ran aure. Kafin baftisma mai zuwa, iyaye su zauna da katikis su duba wanda yake kusa, wanda yaron zai iya zuwa gidansa da ƙafa, wanda aka san shi da gaskiya a kasuwa, wanda kuma zai iya cewa a ƙarshen kowane zango, "Kawo takardarka in gani." Waɗanda kuma suka riga suka tsaya wa yara a gaban bagade, ko shekara goma ke nan, su binciko ajin da yaran suke yanzu.